Wa Ke Koya wa Malam Yadda Zai Koyar?

[Hoto: aji biyu a wata firamare a wajen garin Darazo, da hantsi]

Ku saurari ajin nan. Malama ta nuna allo ta ce "kaza", yara suka amsa baki ɗaya, "kaza!" Ta ce "gida", suka ce "gida!" Wanda ya leƙo ta taga zai rantse yaran nan sun iya karatu. Sai Malama ta goge allo ta rubuta "zaki", ta kira wata yarinya daga layin baya. Yarinyar ta dubi allo, ta sunkuyar da kai, ta kama bakin hijabinta tana murzawa. Uku daga cikin haruffa huɗun nan yanzun nan ta gama rera su a "kaza". Ba ta gane su ba, domin abin da take yi tun safe hadda ce.

Kada mu yi saurin ɗora wa Malama laifi. Tana da takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da ake nema wajen malamin makaranta a Najeriya, wadda ake shafe shekara 3 kafin a samu a kwalejoji irin ta Aminu Saleh da ke Azare ko ta Kangere. Amma koya wa ɗan shekara 6 karatu sana'a ce mai zaman kanta, kuma malamin da ba a nuna masa ita ba, yadda aka koyar da shi haka zai koyar.

Abu na farko da ake gyarawa a wajen bita shi ne bambancin sunan harafi da sautinsa. Yaron da aka rera wa "e, bi, si, di" ya san sunayen haruffa da Turanci, amma ka ba shi "baba" ya rasa inda zai kama. Abin da yake bukata shi ne sauti. Ya haɗa baƙi da wasali ya sami gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Ya haɗa gaɓa biyu ya sami kalma. A nan Hausa ta yi mana rana, domin wasulanta 5 ne, kuma kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Sai dai dole malami ya kula da haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta "kafa" a allo alhali "ƙafa" yake nufi, ya koya wa aji guda kuskure kafin a tashi tara.

Kuma akwai tsari: malami ya yi yara suna kallo, sannan a yi tare, sannan kowane yaro ya yi shi kaɗai. Wannan mataki na ukun shi ne aka fi tsallakewa, alhali a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ke bin yarima a sha kiɗa. Shirin NEI Plus da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2015, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta, a kan irin wannan tsari ya horar da malamai.

[Hoto: Kasuwar Wunti, yaro da faranti a ka]

Yanzu lissafi. Ku dubi yaron nan mai tallar gyaɗa. An sayi ta naira 350, an miƙa masa 500, kafin ka ƙifta ido ya zaro 150. Gobe a aji, rubuta masa 500 a cire 350, sai ya ba ka 250. Me ya faru? Ya ga sifili ba zai ba da biyar ba, sai ya juya, ya cire sifili daga biyar. Lissafin yana kansa, abin da ya rage a ƙulla masa shi da rubutu.

Malamin da ya sami horo zai sa a karyo masa karan dawa a ɗaure goma-goma. A cire 17 daga 42: ga dami huɗu, ga kara biyu a warwatse. Biyu ba za su ba da bakwai ba, sai yaro ya kwance dami ɗaya da hannunsa, su zama sha biyu. Abin da ake ce masa "aro" ke nan, yau ya taɓa shi da yatsunsa. Murafen kwalba da tsakuwa ma suna wannan aiki, ba sai an jira kaya daga SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ba.

Sai magana. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ɗaga ido gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a aji, yaron da bai buɗe baki ba, ba a san inda ya maƙale ba, balle wanda Fulatanci ko Jaranci ya taso da shi a gida. Shi ya sa ake koya wa malami ya yi tambaya ya ɗan jira, ya bar yara su tattauna bibbiyu kafin su amsa, ya yi musu tatsuniya ya ce su maimaita da bakinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan bita. A tara malamai kwana biyar a ɗakin taro, a raba takardu, a watse. Malama ta koma ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, cikin mako biyu ta koma gidan jiya. Horon da ke kama jiki shi ne wanda ake bin malami da shi har cikin ajinsa: jami'in tallafa wa makarantu ya zauna a baya ya kalli darasi, malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa suna gwada darasi a gaban juna. Ko Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan ya gama kwalejin Katsina a 1933 ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, sai da ya sake komawa ɗalibi a Landan a 1945 don ƙaro sanin koyarwa.

[Hoto: ajin nan na Darazo, bayan an tashi]

Ga jami'ar da ta zo duba darasi, ta ja benci kusa da Malama. Ba ta zo da jan biro ba. Ta ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga yadda kika raba kalmar gaɓa-gaɓa, ya yi kyau. Gobe ki gwada abu ɗaya: kafin aji ya amsa, ki kira yara uku daga baya, ɗaya bayan ɗaya."

Washegari Malama ta rubuta "za" ta rufe sauran da tafin hannu. Ta ce, "Zo nan 'yata, wannan fa?" A hankali yarinyar ta ce, "Za." Malama ta janye hannu. "Ki." Yarinyar ta sake duba allon, leɓenta na motsi, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malama, zaki ne."