Jawabin maraba ga Mai Martaba a kulob ɗin folo na Kaduna

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya ƙara wa sarki lafiya da nisan kwana. A madadin dattawan wannan kulob da mambobi da yaran barga, muna cewa lale marhabin, sannu da hanya, sannu da ƙura.

Ranka ya daɗe, wannan gida da ka shigo asalinsa na soja ne, ba a ɓoye wannan. Turawan mulki ne suka zo da folo, wato ƙwallon doki, ƙasar nan, an fara bugawa a Legas tun 1904, to da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 ga bariki ga hafsoshi ga dawaki ga fili fetal, me ya rage? A 1918 kulob ya tsaya da ƙafarsa, a 1919 aka fara fafatawa a kan kofin Georgian, wanda har yau shi ne kofin da kowane ɗan folo a Najeriya yake mafarkin ɗagawa. A wancan lokacin Bature ne a kan sirdi, namu kuwa yana ƙasa riƙe da linzami yana jira a gama a miƙo masa doki ya wanke.

Sarakuna ne suka juya abin, shi ya sa zuwanka ya fi mana zuwan kowa daɗi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ga wasan ya ce ai wannan aikin 'ya'yanmu ne, mutanen da suka tashi a kan doki tun suna goye, ya kai shi Katsina a shekarun 1920 ya sa 'ya'yansa a ciki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo sai da ya kai maki 7 a ma'aunin gwaninta da ƙarshensa 10 ne, duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san wannan ba wasa ba ne, wasunmu nan shekara da shekaru muna ta fama a kan 0 da 1, kar dai in kama suna. Sannan ga Janar Hassan Usman Katsina, Allah ya jiƙansa, soja kuma ɗan sarki, shi kam ya haɗa gidajen biyu a jikinsa.

Yanzu idan ka duba rumfar nan za ka ga soja mai ci da mai ritaya, ga 'yan kasuwa, ga 'ya'yan sarauta, ga ma'aikata. Amma gaskiya katin zama mamba shi ne mai sauƙi, riƙon doki ne aiki. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowane zagaye minti bakwai ne da ɗan ɗori, kuma doki ba ya jure gudun nan a jere sai an canza, ke nan ɗan wasa ɗaya sai ya tanadi dawaki da yawa, kowanne da harawarsa da dusarsa da kanwarsa da kuɗin likita, wasu daga Chadi da Sudan aka kawo su wasu har daga Ajantina. Kuma komai girman mutum, ko Janar ne, da hannun dama zai riƙe sanda, bahago sai dai ya koya.

Ina roƙon sarki, kafin a zauna cin abinci, a ɗan leƙa barga. Yaran nan tun asuba suke tsaye suna goge dawaki suna naɗe musu ƙafa da bandeji suna ɗaure wutsiya, sun ji labarin zuwanka tun shekaranjiya ba su yi barcin kirki ba. Bayan nan ga ƙwallo, ranka ya daɗe, kai za ka jefa mana ta a fara.