Lissafin Takarda Da Lissafin Zuci: Tarihin Karawar Super Eagles Da Sauran Ƙasashe

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, da masu sha'awar tamaula da suka cika wannan zaure, ina yi muku barka da yamma.

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne tarihin karawar da tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta yi da takwarorinta na wasu ƙasashe. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san yadda gardama ke ƙarewa a can: idan musu ya yi tsami, sai wani ya zaro waya ya karanto cewa mun haɗu sau kaza, mun ci sau kaza, an ci mu sau kaza, ya mayar da wayar aljihu kamar alƙalin da ya yanke hukunci. Ni kuwa ina ganin wannan lissafi, duk da cewa ba ƙarya ba ne, yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato a wace rana aka yi nasarar, kuma me aka ajiye a tsakiya ake takara a kansa.

Wasan farko da Najeriya ta buga da wata ƙasa an yi shi ne a Freetown ranar 8 ga Oktoba, 1949, inda ta doke Saliyo da ci 2 da nema. 'Yan wasan suna kan hanyarsu ne ta dawowa daga rangadin da suka yi a Ingila, inda akasarinsu suka taka leda ba takalmi. Ku riƙe wannan kwanan wata, domin za mu sake cin karo da shi. A wancan zamani ana kiran tawagar Red Devils saboda jar riga, bayan samun 'yancin kai ta koma Green Eagles, sai a 1988 sunan Super Eagles ya kama ta.

Abokiyar hamayya ta farko ita ce Ghana, tun tana amsa sunan Gold Coast, kuma a hannunta Najeriya ta sha kashin da ba ta taɓa shan irinsa ba, ci 7 da nema a Accra a 1955. Har yau Ghana ce ke kan gaba a yawan nasara tsakanin ƙasashen biyu, kuma galibin wannan rata ta taru ne tun shekarun 1950 da 1960, lokacin da Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin tutar ƙasa. Najeriya ta rama a wasu lokuta, kamar ci 3 da nema a Fatakwal a 2001 wanda ya ba ta tikitin gasar cin kofin duniya, da ƙwallon da Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya ci a wasan daf da na kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Mali a 2002. Amma raunin da ya fi yi wa 'yan Najeriya ciwo a wannan hamayya ba ya cikin layin rashin nasara ko kaɗan. A watan Maris na 2022, a wasannin neman tikitin gasar cin kofin duniya ta Qatar, an tashi babu ci a Kumasi, aka kuma tashi 1 da 1 a Abuja, Thomas Partey ya ci wa Ghana, William Troost-Ekong ya farke da fenareti. A takarda kunnen doki ne sau biyu, ba wanda ya ci wani. A zahiri kuwa dokar ƙwallon da aka ci a waje ta kai Ghana Qatar, ta bar Najeriya a gida, 'yan kallo kuma suka afka cikin filin wasa na Moshood Abiola suna farfasa kaya.

Mu je ga Kamaru, inda lamarin ya juye gaba ɗaya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Idan aka ƙirga, Najeriya ta fi Kamaru yawan nasara nesa ba kusa ba. Ta doke ta 2 da 1 a kofin Afirka na 2004 a Tunisiya, ranar da Jay-Jay Okocha ya murɗa bugun tazara a raga, John Utaka ya ƙarasa aikin. Ta lallasa ta 4 da nema a Uyo a 2017, alhali Kamaru na riƙe da kofin Afirka a lokacin. Ta fitar da ita da ci 3 da 2 a Iskandariya a 2019, ta sake fitar da ita da ci 2 da nema a Abidjan a farkon 2024 da ƙwallaye biyu na Ademola Lookman. Wanda ya tsaya a nan zai ce Kamaru abincin Najeriya ce.

To amma sau uku ƙasashen nan suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Afirka, kuma sau ukun Kamaru ce ta ɗauke kofin. A 1984 a Abidjan, Muda Lawal ne ya fara zura ƙwallo, amma aka tashi 3 da 1. A 1988 a Casablanca, Henry Nwosu ya ci da ka, alƙalin wasa ya soke, Emmanuel Kundé kuma ya ci wa Kamaru fenareti, aka tashi 1 da nema. Na uku shi ne wanda dattawan da ke wannan zaure ba za su so in tuna musu ba, wato 13 ga Fabrairu, 2000, a filin wasa na Surulere da ke Legas. Samuel Eto'o da Patrick Mboma sun ci wa Kamaru ɗaya-ɗaya, Raphael Chukwu ya rage ɗaya, Okocha ya farke da wani shuri daga nesa, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta bugi ƙarfen sama ta sauko ƙasa ta dawo fili. Hoton talabijin ya nuna ta tsallake layi, amma shi Ikpeba da kansa sai ya ɗora hannu biyu a ka kamar wanda ya ɓaras, alƙalin wasa kuma bai ba da ita ba. Rigobert Song ya zo ya rufe wasan. Ku ƙara da wasan Yaoundé na watan Agustan 1989, inda ƙwallon François Omam-Biyik ta hana Najeriya zuwa gasar duniya ta Italiya, makonni biyu kacal bayan Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a fili a wasan Angola. Nasarorin Kamaru ba su da yawa, amma kusan kowace ta zo ne a ranar da ake rabon kaya. Ina tambayar ku, akwai ɗan Najeriyar da ba zai ba da ci huɗun Uyo a musanya masa da fenaretin Ikpeba ba?

Akwai kuma wasannin da ba za ku taɓa gani a takarda ba, domin ba a buga su ba. Tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994 bayan ta doke Zambiya 2 da 1, wadda FIFA ta sa a matsayi na 5 a duniya cikin watan Afrilun wannan shekara, ba ta je kare kambunta a Afirka ta Kudu a 1996 ba, saboda tsamin dangantakar gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa. Hukumar CAF ta hukunta ta da haramta mata gasar 1998. Ke nan shekarun da su Kanu da Okocha da Finidi da Oliseh ke ganiyarsu, ba a gwada su da kowa a babbar gasar nahiyar ba.

A gasar cin kofin duniya, Najeriya ta halarta sau shida tsakanin 1994 da 2018, ta buga wasa 21, ta ci 6, ta yi canjaras 3, aka doke ta a 12. Abin lura shi ne duka nasarori shidan a kan ƙasashen Turai aka same su: Bulgeriya sau biyu, Girka, Sifaniya, Bosniya, da Iceland, wadda Ahmed Musa ya zura wa biyu a 2018. Ta farko ita ce 3 da nema a kan Bulgeriya a Dallas, ranar da Rashidi Yekini ya shiga cikin raga ya damƙe zarenta yana ihu, wadda ta fi daɗi kuwa ita ce 3 da 2 a kan Sifaniya a Nantes a 1998, da wannan shurin na Sunday Oliseh.

Daga cikin kaye goma sha biyun, biyar daga hannun ƙasa ɗaya suka fito, wato Ajantina. A gasa biyar daga cikin shida, ƙuri'a ta haɗa su a rukuni ɗaya, kuma kowane karo da tazarar ƙwallo ɗaya tak ake rabuwa. A 1994 Samson Siasia ya fara ci, Claudio Caniggia ya ci biyu, kuma wannan ne wasan ƙarshe da Diego Maradona ya buga wa ƙasarsa. A 2002 Gabriel Batistuta ya ci da ka daga bugun kusurwa, a 2010 Gabriel Heinze ya maimaita irin haka, duk da cewa Vincent Enyeama ya hana Lionel Messi sakat a ranar. A 2014 an tashi 3 da 2, Messi biyu, Ahmed Musa biyu, Marcos Rojo ya raba gardama. A 2018 a St Petersburg, canjaras ya ishi Najeriya ta wuce zagaye na biyu, kuma Victor Moses ya farke da fenareti, amma a minti na 86 wannan Rojon dai ya sake fitowa.

A nan wani zai ɗaga hannu ya ce ai mun doke Ajantina. Gaskiya ne, an ci ta 4 da 1 a Abuja a 2011, an kuma ci ta 4 da 2 a Krasnodar ta Rasha a 2017, amma duka biyun wasan sada zumunta ne, kuma Messi bai buga ko ɗaya ba. Nasarar Atlanta ta 1996 kuwa, ci 3 da 2 da ya kawo lambar zinariya, abin alfahari ce da ba mai ƙwace ta, sai dai gasar Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, ba ta shiga kundin babbar tawaga. Haka ma ci 4 da 3 da aka yi wa Brazil a wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa. Masu gardama a gidajen kallo suna yawan cakuɗa waɗannan, kuma ya kamata ɗalibin tarihi ya raba su.

Na ce ku riƙe 8 ga Oktoba. A irin wannan rana a 1993, ƙwallon Finidi George a birnin Aljiyas ta sa aka tashi 1 da 1, kuma wannan kunnen dokin ne ya kai Najeriya gasar duniya karon farko, bayan takaicin 1977 da Godwin Odiye ya ci gida a wasan Tunisiya a Legas. A irin wannan rana kuma a 2005, a zagayen neman tikitin gasar duniya ta Jamus, Najeriya ta casa Zimbabuwe 5 da 1 a Abuja, amma ba wanda ya yi murna. Dalilin yana Kano, watanni huɗu kafin nan. Cikin watan Yunin 2005 an karɓi baƙuncin Angola a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Okocha ya ci tun da wuri, filin ya ɗauki sowa, sai Figueiredo ya farke bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. An yi ta cewa zafin ranar da aka yi fatan zai gajiyar da baƙi, 'yan wasanmu da ke zaune a Turai ya fi galabaitarwa. Tun a 2004 Angola ta riga ta ci 1 da nema a Luanda ta ƙafar Akwá, kuma dokar wannan zagaye ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar ƙasashen biyu za a duba, ba yawan ƙwallaye ba. Najeriya da Angola suka kammala da maki 21 kowace, Najeriya na da ƙwallaye masu yawan gaske a gaba, amma Akwá ya sake ci wa Angola a wasanta da Ruwanda a Kigali a wannan yammaci, Angola ta tafi Jamus.

A nan zan dakata, in ba da dama ga masu tambaya. Na gode.