Amsoshin Tambayoyinku: Gasar tseren babura ta matasa da kakar 2020

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun yau duk a kan tseren babura suka tsaya, kuma za mu fara da ta wani bawan Allah daga Damagaram, wanda ya ce shi bakanike ne. Ga tambayarsa: waɗannan yara da yake gani suna tsere kafin a fara babbar gasar MotoGP, wace gasa ce tasu, kuma da gaske ne wani yaro ya taɓa cinye tsere shida a jere a cikinta?

To malam bakanike, gaskiya ne. Sunan gasar Red Bull MotoGP Rookies Cup, an kafa ta a 2007, kuma wanda ya fara ɗaukar kofinta shi ne Johann Zarco ɗan ƙasar Faransa. A filayen Turai ake yin ta, a ƙarshen makon da manya ke yin nasu tseren, don haka masu ƙungiyoyi na tsaye a gefe suna kallon wane yaro ne zai yi musu. Abin da zai fi jan hankalinka a matsayinka na mai gyara shi ne kowa babur iri ɗaya ake ba shi. Tun daga 2013 baburin kamfanin KTM samfurin RC 250 R suke hawa, mai silinda ɗaya, kuma makanikan gasar ne ke riƙe da shi. Ɗan mai kuɗi ba shi da ikon sayo injin da ya fi na abokinsa. Idan yaro ya wuce ɗan'uwansa a kwana, to hannunsa ne da ƙwaƙwalwarsa suka yi aikin.

Yaron da kake nufi shi ne Pedro Acosta, ɗan wani masunci daga garin Mazarron da ke bakin teku a yankin Mursiya na ƙasar Sifaniya. A 2019 na biyu ya zo, bayan Carlos Tatay. Sai 2020 ta zo da annobar korona, jadawali ya wargaje, ba a fara kakar ba sai watan Agusta. Tsere 12 aka yi, kuma a filaye uku kacal: huɗu a Red Bull Ring na ƙasar Ostiriya, huɗu a Aragon ta Sifaniya cikin Oktoba, huɗun ƙarshe a Balansiya, ita ma ta Sifaniya, cikin Nuwamba. Acosta, yana ɗan shekara 16, ya kwashe duka huɗun Ostiriya, ya zo Aragon ya ƙara biyu. Wanda ya zo na ɗaya maki 25 yake samu, na biyu 20, na uku 16, a yi ta sauka har na 15 da ke samun maki ɗaya. Ka ga ke nan da aka kai rabin kaka ya tara maki 150, kuma da wannan tazarar ya riƙe ragama har ya ɗauki kofin.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin wanda bai san wannan tsere ba zai ɗauka cin shida a jere abu ne mai sauƙi ga gwani. Ba haka ba ne. Idan babura ƙarfinsu ɗaya, na gaba shi ke fasa iska, na bayansa kuma ya lafe a jikin tanki ya fake a bayansa, iskar ba ta dukansa sosai, sai ya samu ƙarin gudu ya zare ya wuce a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa da wuya wani ya tsere wa ayari. Za ka ga yara takwas ko goma sun dunƙule wuri guda kamar ƙudan zuma, suna gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, wanda ke gaba a wannan kwana ya koma na shida a ta gaba. Sau da yawa sai a zagayen ƙarshe ake raba gardama, kuma wanda ya san inda zai jinkirta taka birki da inda zai yi haƙuri shi ke kai labari. A irin wannan cunkoso yaro ya fito kan gaba sau shida ba tare da kuskure ba, ni a ganina wannan ya fi wasu kofunan da ake ci da babur mai tsada. Kuma ba ragwaye ya doke ba. A cikin ayarin nan akwai David Muñoz da Iván Ortolá da Daniel Holgado da David Alonso, dukkansu daga baya sun ci tsere a gasar duniya. Alonso ma shi ya gaji kofin a 2021, sannan a 2024 ya zama zakaran duniya na Moto3, wato ajin ƙananan babura na gasar duniya, mutum na farko da ya kai wa Kolombiya irin wannan kambu.

Shi kuwa Acosta, shekarar da ta biyo baya ya shiga Moto3. A tserensa na biyu, a Doha, an hukunta shi ya tashi daga layin gareji bayan kowa ya tafi, amma ya kamo su ya ci tseren. A wannan shekara ta 2021 ya zama zakaran duniya, a 2023 ya ɗauki kofin Moto2, aji na tsakiya, a 2024 ya hau babban aji na MotoGP.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Kaduna. Ta ce: shin iyayen yaran nan ba sa tsoro? Ta yaya za a bar yaron da bai gama sakandare ba ya yi irin wannan gudu?

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, ba zan rage miki komai ba. A shekarar 2021 kaɗai matasa uku aka rasa. Jason Dupasquier ɗan Suwizalan, mai shekara 19, wanda shi ma ya taɓa yin wannan gasa ta Rookies, ya rasu a watan Mayu bayan haɗari a filin Mugello na Italiya. Hugo Millán, ɗan shekara 14, ya rasu a Aragon a watan Yuli a wata gasar matasa ta Turai. Dean Berta Viñales, ɗan shekara 15, ya rasu a filin Heres na Sifaniya a watan Satumba. Ba a gasar Rookies ko ɗaya ya faru ba, amma sanadin iri ɗaya ne: yaro ya faɗi a tsakiyar ayari, na bayansa ba shi da inda zai kauce. Wato dunƙulewar nan da ke sa tseren daɗin kallo ita ce kuma babban haɗarinsa. Faɗuwa kaɗai ba kasafai take kisa ba, domin akwai hular kwano da rigar fata mai jakar iska a ciki, ga fili mai tsakuwa a gefen kwana, ga likitoci a tsaye. Amma har yau babu rigar da za ta kare mutum daga baburin da ya taho a guje ya same shi a ƙasa.

Bayan waɗannan rashe-rashe hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta ɗaga shekarun shiga. A gasar Rookies an tashi daga 13 zuwa 14 a 2022, sannan 15 a 2023. Shiga gasar duniya kuma aka mayar da shi shekara 18, da ɗan sassauci ga zakarun gasannin matasa, aka kuma rage yawan baburan da ke tashi tare a wasu azuzuwan. Ni dai na goyi bayan matakin, kuma da an ɗauke shi tun kafin a binne yara uku da ya fi.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Kano, ya ce shi ɗan acaba ne, kuma a unguwarsu babu wanda ya kai shi iya babur. Yana son sanin ko ɗan Afirka na da hanyar shiga.

Ƙanena, hanya akwai, kuma an bi ta. Brad Binder na Afirka ta Kudu ya yi gasar daga 2009 zuwa 2011, ya zama zakaran Moto3 a 2016, sannan a watan Agustan 2020, mako guda kafin Acosta ya fara nasa jerin nasarori, ya ci tseren MotoGP a Brno na ƙasar Cek, nasarar farko ga KTM a babban aji. Ƙaninsa Darryn ma ta nan ya bi. Ana cika takardar nema ta intanet, masu gasar su duba tarihin tseren yaro, su gayyaci waɗanda suka yi musu zuwa gwaji a Sifaniya, a zaɓi 'yan kaɗan. Wanda aka ɗauka ba ya sayen babur ko kayan sawa, amma kuɗin tafiye-tafiye na kan iyalinsa.

Sai dai abin da suke dubawa shi ne tseren da yaro ya yi a fili mai ƙa'ida, wanda aka auna lokacinsa da agogo. Su Binder sun samu hakan ne saboda ƙasarsu na da filaye irin su Kyalami da gasannin yara na cikin gida. Ɗaga tayar gaba a titi ranar ɗaurin aure ba ya shiga wannan lissafi, kuma ina roƙonka don Allah kada ka gwada gudun da kake gani a talabijin a kan titin da ke cike da mutane da a-daidaita-sahu. Idan shekarunka sun wuce na shiga, kowane babur a wannan gasa yana da makanikan da ke kwance shi su ɗaure, kuma wannan sana'a ce da za ka iya fara koya yau a garejin unguwarku.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.