Garin da ake binne biri

Assalamu alaikum mutanen gida, na Gusau, na Maru, har ku na Ɗansadau. Yau ina Ghana, a Boabeng-Fiema, wasu ƙauyuka biyu da suka sa ɗan kurmi a tsakiya, ba nisa da Techiman.

Ku dubi can bisa reshe. Kun ga baƙin birin nan mai farin gemu da doguwar farar jela? Shi ake kira kolobas. Ganye ne abincinsa, tumbinsa ma ɗaki-ɗaki yake kamar na akuya, kuma ba shi da babban yatsa a hannu. Bai cika sauka ƙasa ba, bai damu da kowa ba. A yawancin dazukan Afirka ta Yamma mafarauta sun kusa ƙarar da irinsa.

Wannan ƙaramin da ke leƙen jakata kuwa mona ne, ɓarawo na gaske, har madafi yake shiga. Amma ba mai taɓa shi. Mutanen nan sun gaji haramcin kashe biri tun kaka da kakanni, a 1975 kuma aka mayar da shi doka. In biri ya mutu binne shi ake yi, makabartarsu daban. Ni dai ban zo da wannan aƙida ba, kada wani ya ce Ghana ta canza ni.

Abin da ya tsayar da ni aikin da mona ke yi ne. Yakan cika kumatunsa da 'ya'yan itace, ya yi nisa da uwar bishiyar, ya tsotse, ya tofar da ƙwallon. Wanda ya haɗiye kuma ya fito da shi a kashi, da takinsa. Ƙwallon da ya faɗi a gindin uwarsa inuwa da ƙwari ke cinye shi. Wanda biri ya kai nesa shi ke tsira ya zama bishiya.

To, Baba manomi, na san jan biri ya sha gwada maka ɓarna a gonar gero, ban ce ka yi masa shimfiɗa ba. Amma kanya da ɗinyar da ke dajin Kuyambana, wa ya taɓa ganin mutum ya shuka su? Ga masu gawayi na sara ba dare ba rana, ga rashin tsaro ya hana ma'aikatan gandun daji leƙawa.

Bari in rufe jakar nan, monan nan ya hango ayabar da ke ciki. Mu gangara makabartar in nuna muku.