Fodkas ɗin Bakin Fili: Yadda Denmak ta ɗauke Kofin Thomas a gaban manya

Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a Bakin Fili. Ni ne Sani, ga Hadiza, ga kuma ƙaninmu Auwal. Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa, badminton za mu taɓa, wasan da ake buga ƙwallon gashi da raket ta tsallaka raga, kuma Hadiza ce ta matsa sai an yi.

Hadiza: Ni ce kuwa, Yaya Sani. Tun ina sakandare nake riƙe raket, kuma akwai labarin da ya daɗe a raina. Denmak, ƙasar da mutanenta ke kusan miliyan 6, ko jihar Kano ba su kai ba, ita ce ta ci Kofin Thomas a 2016, ta doke Indonesiya mai mutum sama da miliyan 250.

Auwal: Anti Hadiza, dakata tukuna. Mene ne Kofin Thomas ɗin? Ni fa Viktor Axelsen, tauraron Denmak, kaɗai na sani, shi ma a Olamfik na gan shi.

Hadiza: Shi ne kofin duniya na ƙungiyoyin maza. An fara shi a 1949, sunan wani Bature ɗan Ingila ya ci, Sir George Thomas. Ƙasa da ƙasa ake karawa, wasa biyar: uku na ɗaya da ɗaya, biyu na bibbiyu. Wanda ya fara cin uku shi ke da nasara. Ka ga ke nan gwani ɗaya ba zai ɗauko maka kofi ba, ko da shi ne sarkin duniya. Wasa ɗaya zai ci maka ya koma benci.

Sani: Kuma kafin 2016 duk ƙasashen Asiya ne ke ɗauka.

Hadiza: Su kaɗai. Malesiya, Indonesiya, Sin, sai Japan a 2014. Denmak ta je wasan ƙarshe sau 8 ana doke ta. Tun na farkon ma, a 1949, ita ce ta kara da Malaya, wato Malesiya ta yanzu, aka ci ta 8 da 1, don lokacin wasa tara ake yi. Shekara 67 suna zuwa bakin rijiya suna komawa da ƙishirwa.

Auwal: Kai! Ni da tuni na haƙura.

Sani: To ba mu labarin ranar.

Hadiza: A birnin Kunshan ne na ƙasar Sin, 22 ga Mayu, 2016. Kuma ka sani sun je da rauni. Carsten Mogensen, ɗaya daga cikin gwanayensu biyu na wasan bibbiyu, a watan Fabrairun shekarar jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata, bai je ba. A wasan kusa da na ƙarshe Malesiya ta ci biyun farko, Lee Chong Wei ya doke Axelsen, kowa ya ce an gama. Sai suka farfaɗo suka ci uku a jere. Wanda ya rufe wasan wani ne Emil Holst, da a lokacin ba kowa ya san sunansa ba.

Auwal: Sai Indonesiya.

Hadiza: Sai Indonesiya. Axelsen ya doke Tommy Sugiarto. Indonesiya ta rama da Mohammad Ahsan da Hendra Setiawan, su kam ba a ja da su. Jan Jorgensen ya doke Anthony Ginting, lokacin yana matashi. Indonesiya ta sake cin na bibbiyu. Biyu da biyu ke nan. Komai ya koma wuyan mutum na uku, Hans-Kristian Vittinghus. Ya fito ya ci Ihsan Maulana Mustofa 21 da 15, sannan 21 da 7. Wallahi duk sanda na sake kallon yadda abokansa suka ruga cikin fili suka danne shi, sai tsikar jikina ta tashi.

Sani: Wato ba a hannun tauraronsu aka ƙarasa ba.

Hadiza: Abin da nake so a riƙe ke nan, Yaya. Duk wasannin ɗaya da ɗaya uku su suka ci. Ƙaramar ƙasa takan yi sa'a ta haifi gwani ɗaya, wannan daga Allah ne. Amma a ce na ukunka da na huɗunka ma za su tsaya a gaban Malesiya da Indonesiya ƙafarsu ba ta rawa, wannan aikin shekaru ne.

Auwal: Anti, ni ina ganin kuɗi ne kawai. Ƙasar masu arziki ce, me zai hana?

Sani: Ban yarda da kai duka ba, Auwal. Norwe na da kuɗi, Suwizalan na da kuɗi, ina kofinsu? Abin da na fahimta game da Denmak shi ne kulob-kulob na gari. Sanyinsu mai tsawo ne, dare kan yi da wuri, shi ya sa kusan kowane ƙaramin gari na da zauren wasa mai rufi. Yaro zai tashi daga makaranta ya wuce can, iyaye da 'yan sa-kai ne ke kula da wurin. Wanda ya yi fice sai a kai shi cibiyar horarwa ta ƙasa a Brondby, gefen Kofenhagen, inda duk manyan ke atisaye wuri guda.

Hadiza: Kuma ƙanƙantar ƙasar ta zame musu alheri. Gwani ba ya ɓata a ƙauye ba a gan shi ba. Sannan kowane zamani na da wanda yara ke kallo. Da aka fara gasar duniya ta ɗaiɗaikun 'yan wasa a 1977, Flemming Delfs da Lene Koppen ne suka ci na maza da na mata, duk 'yan Denmak. Morten Frost ya ci All England, babbar gasar da ake yi a Ingila, sau huɗu a shekarun 1980. Poul-Erik Hoyer ya ci zinare a Olamfik ta Atlanta a 1996, daga baya ya shugabanci hukumar badminton ta duniya. Ga Peter Gade, ga Camilla Martin. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Auwal: To amma Axelsen ɗin nan ai na ji Dubai ya koma. In tsarin na da kyau haka, me ya fitar da shi?

Hadiza: Gaskiya ne, a 2021 ya koma, bayan ya doke Chen Long ya ci zinare a Tokyo. Cikin dalilan da ya kawo akwai ciwon asma da sanyin gida ke tayar masa, da kuma kusanci da Asiya inda yawancin gasanni suke. Ni dai ban ji daɗi ba. Ƙananan da ke Brondby sun rasa damar karawa da shi kullum, alhali shi ma a hannun na gaba da shi ya goge.

Sani: Ni kuma ban ga laifinsa ba. Tutar Denmak ya ci gaba da ɗagawa, ya sake cin zinare a Faris a 2024, ya doke Kunlavut Vitidsarn na Tailan 21 da 11 sau biyu. Kuma ya riƙa gayyatar matasa daga wasu ƙasashe su yi atisaye tare da shi a can.

Hadiza: Na ji, amma kofin ƙungiya fa? A 2021 a gidansu aka yi, a Aarhus, Indonesiya ta fitar da su a kusa da na ƙarshe ta ɗauke kofin. A 2022 Indiya ta fitar da su 3 da 2 a Bankok. Har yau nakan ce da suna tare kullum, da wataƙila labarin ya sauya.

Auwal: Mu fa a nan gida? Akwai masu yi?

Hadiza: Akwai mana. Anuoluwapo Opeyori ya sha cin kofin Afirka, ya je Olamfik a Tokyo da Faris. Mariam Eniola Bolaji ta ci tagulla a gasar nakasassu ta Faris a 2024, lambar farko da Afirka ta samu a badminton a wannan mataki. Matsalarmu zaure ne. Ƙwallon nan gashin dinya ne guda 16, nauyinta kusan giram 5. Mu a makarantarmu a tsakar fili muke yi, da hunturu ya shigo ka buga gabas iska ta kai ta arewa. Wata uku muke ajiye raket.

Sani: Ga tsadar ƙwallon, ta gashi ba ta jure wasa ɗaya mai zafi.

Hadiza: Shi ya sa muke amfani da ta roba, ita kuma tashinta daban ne. Ranar da aka kai mu gasa aka ba mu ta gashi, sai da muka sha kashi kafin hannunmu ya gane ta.

Auwal: Anti, akwai wani zaure a unguwarmu da biki kawai ake yi a ciki, daga Litinin zuwa Alhamis a kulle yake. Rufinsa ma da tsawo.

Hadiza: Ka auno min shi. Fili ɗaya mita 13.4 ne a tsawo, 6.1 a faɗi. In ya ɗauka, raga da raket huɗu suna wurina.

Sani: To Auwal, gobe ka nemi mai zauren. Masu sauraro, lokaci ya cim mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.