Garin da Babu Shi a Taswira

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan labarin nan ne da muka kwashe makonni muna karanta muku bayan sallar isha'i. Labarin ya ƙare ran Alhamis, amma gardamarsa har yanzu tana nan da ranta a fadodin samari da bakin famfo da tashar mota.

Ga wanda bai bi ba, ga shi a gurguje. Wani karen mota ne, motarsu ta mutu can gaba da Tanut, guguwa ta raba shi da maigidansa. Kwana uku yana gararamba da ƙishi, sai ya bi sawun wata akuya ta shige da shi tsakanin duwatsu biyu. Yana ɓullawa sai ga gari sukutum, da rijiyoyi da dabino da sarki, garin da babu shi a taswira. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya shigo ba ya fita. Suka ba shi ɗaki, suka ba shi mata, ya shekara biyu. Wata rana da dare ya sulale, ya komo da ma'aikatan gwamnati da masu neman ma'adinai. Marubucin ya rufe da cewa yaro ya zama attajiri, gari kuma an ja masa hanyar mota.

Waɗanda suka fara bugo waya masu tambayar inda garin yake ne. Wani direba ya rantse mini ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Agadas, kuma ya san duwatsun da ake nufi. Na ce masa: Alhaji, in ka je ka gaishe su. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na lura da abin da ya fi kama zuciyar masu sauraronmu. Ba sarkin ba ne, ba amaryar ba ce, rijiyoyin ne. Wanda ya taɓa tashi ƙarfe uku na dare ya jera jarka a bakin famfo a garin nan namu na Damagaram cikin watan bazara, ko ya bi mai garuwa yana roƙonsa da kuɗinsa a hannu, shi ya san abin da ake nufi da garin da guga ba ya dawowa wayam. Samari kuwa nasu lissafin daban ne. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, wace unguwa ce a Damagaram ba ta da yaron da ya ɗaure jaka ya nufi arewa? A kunnensu, gari a bayan dutse mai cike da arziki ba tatsuniya ba ce tsantsa. Abokinsu ya tafi neman irinsa, wani ya dawo da mota, wani har yau shiru.

Sai wani dattijo daga Birni, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya aiko a ja mini kunne. Ya ce mun mai da gidan rediyo dandalin ƙarya, muna ɗauke wa yara hankali da abin da babu shi. Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Ɓoyayyen gari ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tun kafin boko ƴan bori suke labarin Jangare, birnin iskoki, inda aka ce matafiyin da ya shiga ba ya komowa. Wannan camfi ne, na yarda. To ga gaskiya tsantsa a Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a: samarin da suka fake a kogo shekara 309, da Yajuju da Majuju a bayan katangar Zulƙarnaini. Ba ina haɗa Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare, ina dai nuna cewa tambayar me ke bayan dutse tsohuwa ce a zuciyar ɗan Adam. Ko rubutun zube na boko da tafiya da al'ajabi ya fara: gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mai yawon duniya neman wani ruwa. Ruwa dai kuma, kun ji.

Wayar da ta hana ni barci ta wata baiwar Allah ce daga Zango. Ta ce tana sauraronmu ne tana ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, rediyo a kan turmi. Muryarta a sanyaye ta ce: "Malam, ni fa ban ji ta bakin matar ba. Da ya gudu da dare, wa ya gaya mata? Da motoci suka shigo, ina ta tsaya? Mutanen nan sun shayar da shi yana bakin mutuwa, shi kuma ya je ya nuna ƙofarsu, kuma shi ne gwarzo?"

Na koma gida na ɗauko littafin na sake bi shafi-shafi. Gaskiyarta. Matar ta yi magana sau uku kacal, biyu daga ciki abinci take kawowa. Sarkin garin bai buɗe baki ba sai don ya faɗi doka. Me ya kai kakanninsu bayan duwatsu, yaƙi ne, fari ne, gudun bauta ne? Marubucin bai tambaya ba. Kuma wannan ba cutarsa shi kaɗai ba ce. Yawancin labaran irin wannan, na takarda da waɗanda ake sauraro a salula, a kan turba ɗaya suke: baƙo ya shigo, baƙo ya yi mamaki, baƙo ya tona asiri. Mutanen gari kamar kayan ɗakin amarya suke, an jera su don kallo.

Abin da ya sa maganarta ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi shi ne, mu Damagarawa mun taɓa zama mutanen bayan dutsen nan. A idon Turawan ƙarni na 19, garinmu wani birni ne mai ganuwa can bakin hamada da ake jin labarinsa daga nesa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka nan a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani ya kai wa mutanensa. A wurinsu an gano wani wuri. Mu kuwa muna nan da kasuwarmu da malamanmu da ayarinmu mai zuwa Kano da Tarabulus, har Sarki Tanimun ya zo ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. A 1898 wani baƙon ya zo, Kyaftin Kazamaju na Faransa, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa, a 1899, sojan Faransa suka zo aka gwabza a Tirmini, gari ya faɗa hannunsu. Barikin da suka kafa a kan dutse, sunan wa suka sa masa? Na baƙon. Suka mai da garin nan babban birnin mulkinsu har zuwa 1926, sannan suka kwashe suka koma Yamai. An ja mana hanyar mota mu ma. To yaya jikan wanda ya tsaya a Tirmini zai ji labarin baƙon da ya jawo wa gari mamaya, ya tafa masa? Amma mun tafa, ni ma da nake karantawa na tafa, sai da mai ƙuli-ƙuli ta farkar da ni.

Ba kuma sai an wuce Tanut ake samun garin da ba a sani ba. Ga Kara-Kara nan, unguwar da tun asali aka keɓe wa masu lalurar kuturta. Daga tsakiyar gari ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin shayi ya huce. Amma mutum nawa cikin masu jina suka taɓa shiga suka zauna a kan tabarmar wani? Mun san ta da labarin tsoro, a bakin waɗanda ba su taɓa kwana a can ba. Akwai masu fasa dutse tun safe har rana ta faɗi, akwai uwaye masu kai yara lakwal, akwai liman da ladan. In marubuci na neman jama'ar da ke kusa amma a ɓoye, da dalilin ɓuyarsu, da abin da suke faɗa game da mu na waje, ga ta nan ko kuɗin mota ba ya bukata.

Ban ce a daina labarin kasada ba. Ina son guguwar, ina son akuyar nan mai nuna hanya, kuma marubucin ya iya riƙe numfashin mai sauraro, wannan ba a ƙwace masa. Ƙorafina ɗaya ne: ya shiga gari da ƙafar baƙo ya fita da ita, bai taɓa zama ya ji ta bakin masu gida ba.

Shekaranjiya na tsaya a wata fada kusa da Kasuwar Dole. Wani yaro ɗan jami'a yana fifita gawayin shayi da kwali, da ya gane muryata sai ya zaro wani littafin rubutu daga aljihu, duk ya lanƙwashe. Ya ce shi ma ya ji wayar matar nan, kuma ya fara rubuta labarin daga bakin amaryar da aka bari. Abokansa suna ta yi masa tsiya, wai ya zama marubucin mata. Na ce karanta mini. Ya gyara murya ya ce: "Da asuba na shafa gefen tabarma na ji sanyi, sai na san ƙofarmu ta buɗe."

Na ce sai me? Ya ce iyakar inda ya kai ke nan, Malam, bai san abin da za ta yi ba tukuna. Na ce masa in ya gama ya kawo, za mu karanta bayan isha'i.