Yadda Labarin Abuja Ke Isowa Kunnenka a Kaduna

Da sassafe mai shayi a Kawo ya murɗa rediyonsa, ana karanta labaran ƙasa da Hausa. Kafin muryar nan ta iso rumfarsa, labarin ya bi ta hannu huɗu aƙalla.

Mu ɗauki zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Da an buɗe zama ake sallamar 'yan jarida. In an tashi, ministoci su fito su yi wa wakilan fadar shugaban ƙasa bayani da Turanci. Wakilin kamfanin dillancin labarai na NAN ya rubuta, a aika wa gidajen da ke biyan kuɗin samun labaran kamfanin. Edita a Kaduna ya zaɓa, ya rage tsawo, ya miƙa wa mai fassara.

To, a nan ake yin ta. Tun 1962, zamanin Sardauna, gidan da yanzu ake kira Rediyon Tarayya na Kaduna ke watsa labarai da Hausa, kuma wuyar aikin ba ta canza ba. Fassarar takan fi Turancin tsawo, ga shi labari ɗaya da ƙyar yake samun minti guda. Dole a yanke, abin da kan fara faɗuwa kuwa shi ne "in ji wane" da "za a".

"An amince da kwangilar hanya" daban, "an saki kuɗi" daban, "an fara aiki" daban. Tsakanin na farko da na uku ana iya cin damina biyu. Idan mai fassara ya haɗe su don sauri, wata uku kawai za ka ji ana cewa a tashar mota an cinye kuɗin, alhali ko sisi bai fita daga baitulmali ba.

Sai lissafi. Miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su, amma na biyu ya ninka na farko sau dubu. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa "naira miliyan dubu biyar", don kada kunne ya zame.

A kuma tuna mai gida. Rediyon Najeriya da NTA da NAN duk na gwamnatin tarayya ne, ba mamaki ka ji shugaban ƙasa a kanun labarai. Tasha mai zaman kanta ita ma tana da masu ba ta talla, ga lasisinta a hannun NBC, hukumar gwamnati mai kula da gidajen rediyo da talabijin.

Ɗan jaridar da ke son ganin takardar kwangilar da idonsa yana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Zai rubuta wa ma'aikatar, doka ta ba ta kwana 7 ta amsa.